Shekarar da Muka Haƙa Filin Kwando

Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, ranar wata Asabar, Zali ta ɗaga hannu ta jefa ƙwallon farko. Ƙwallon ya daki leɓen kwando ya dawo mata a goshi. Na san lokacin daidai ne saboda na rubuta shi. Ni komai rubutawa nake yi, shi ya sa har yau ake ce mini Madam Kaye, don kaye muke ce wa littafin rubutu. Zali kuwa doguwar ɗalibata ce ƴar garin Barmu, wadda a filinmu na makaranta in ta jefa goma, tara suna shiga, ko da hira take yi. Ta sake jefawa, ƙarfe ya ce ƙwal. Rahila, kaftin ɗinmu, ta jefa, ƙwal. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ƴan kallo sun gane mu, da zarar ɗaya daga cikinmu ta ɗaga hannu sai su haɗa baki su ce mata "ƙwal" tun ƙwallon yana sama. An lallasa mu a ranar. Adadin yana nan a shafi na talatin da ɗaya, ba zan karanta muku ba.

Ku da kuka zo koyon aikin horarwa bana, ina jin abin da kuke faɗa a bayan ofis. Wai Madam aikinta zama a benci, ta busa usur, ta yi ɗan rubutu, a kawo mata kofi. Kun ga kofuna huɗu a kan kabad, kun ji an ce masu horar da ƴan mata a Tebaram da Barmu duk daga hannuna suka fita, sai kuka ɗauka abin iska ce ta kawo. Tun da baki ba ya yi mini, ga shi na rubuto muku. Kofunan nan duk daga baya suka zo. Kafin su akwai shekarar ƙwal.

Aikina na farko a ƙwallon kwando riƙe bakin awo ne. Ina shekarar farko a makarantar nan, ina zaune ƙarƙashin bishiyar bedi da littafina, sai na ji an ce, "Ke, mai littahi! Kin iya riƙon abu ba ki saki?" Mushe Idi ne, malamin wasanni (a nan Mushe muke ce wa malami), gajere mai tumbi, wanda in ya yi magana a filin makaranta sai an ji shi a bakin hanya. A ranar yake kafa ƙarafan kwando. Tsoffin bututun rijiyar burtsatse ya samo, mai walda ya haɗa su da allo da zobe, duk suka zama abu ɗaya, aka dasa su a siminti, aka yi wa kowane ɗan dakali a gindi. Na danne bakin awon a ƙasa da babban yatsa, shi ya hau ganga ya ja har leɓen zobe. Ya ce, "Rubuta. Mita ukku da santi biyar. Nan da Yamai, da duk duniya, haka shike." Na rubuta a shafin farko, na ja masa layi biyu a ƙasa.

Daga ranar ban ƙara samun kaina ba. Ya ba ni takardar wasa in riƙa cikewa, wa ta jefa, wa ta yi laifi, minti nawa. Wurin zamana dakalin gindin ƙarfen gabas ne, tsayinsa da kaɗan bai kai taƙi ɗaya ba, ina zama in jingina da bututun in ɗora kaye a gwiwa. Ƙwallo ya sha sauka a kaina a wurin. Shekara uku ina zaune nan, ban taɓa jefa ƙwallo ya shiga ba, kuma har gobe ban iya ba. Amma Mushe Idi ya ce wannan ba komai ba ne. "Masu jifa sun yi yawa," in ji shi. "Mai gani muka nema. Bar kallon balo, ki kalli ƙahwa. Ƙahwa ita ka hwaɗa miki abin da hannu za shi yi." Na kalli ƙafafu har na kai in na ga yadda yarinya ta dasa diddige na san ƙwallonta zai kauce hagu. Da na gama karatu aka riƙe ni aikin ɗakin littattafai, shi kuma ya yi ritaya. Ranar da zai koma garinsu ya rataya mini usur ɗinsa a wuya a gaban kowa. Na so in yi godiya, muryar ta ƙi fita. Ya ce, "Yawwa, ka ji mai horarwa."

Gyaran ƙwallo shi ne abin da za ku fara koya, ba tsara ƴan wasa ba. Ƙwallo uku gare mu a lokacin, kuma ƙasar nan ba ta son roba. Ƙayar aduwa ɗaya ta isa ta kashe muku atisayen mako. Kullum kafin a fara sai ƴan mata sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun taka filin a hankali suna tsince ƙaya da ƙarangiya. Wanda ya huje, ana tsoma shi a bokitin ruwa a ga inda kumfa ke fita, a zagaye wurin da bik, wato biro, a kai wa mai facin babura. Iskar da za a ba shi kuwa, ku sake shi daga tsayin kai, in ya dawo muku wajen ƙugu ya yi. Layi da toka muke ja, daga murhun ɗakin girki, ana zuba ta a gwangwanin da aka huda. Raga ƴan mata ke saƙawa da igiyar leda. Usur kuma, da yake ba na iya ɗaga murya, sai na mayar da shi baki. Busa ɗaya, a tsaya. Biyu, a koma baya a tare gida. Uku gajeru, Madam ta ga wadda ke wasa da hankalin mutane, kuma ta san kanta. Sauran magana ina faɗa wa kaftin a kunne, ita ta kwarara wa duniya. A shekarar da nake ba ku labari Rahila ce kaftin, ƴar wani malamin asibiti da suka zo daga kudu, Kirista, gajera, baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. In na ce mata, "Ki ce wa Zali ta ɗan matso," sai ku ji, "Ke raƙuma! Madam ta ce in kin gama kiwon ki taho mu yi wasa!"

Iyaye su ne masu kayan, wannan ku riƙe shi. Yarinya tana iya son wasa kamar me, in uba ya ce a'a, magana ta ƙare. Tun zamanin Mushe Idi sharaɗinsu ɗaya ne, bayan dogon wando da rufe kai: a yi wasa a cikin katangar makaranta, ba a waje ba. Saboda haka duk mai son karawa da mu sai dai ya zo gidanmu. Suka yi ta zuwa kuwa, ƴan lise, wato babbar sakandare, ƴan makarantu masu zaman kansu, har wasu daga nesa. Shekara shida ina horarwa, daga ta biyu ba a sake kada mu ba. Baƙi su zo da takalma masu tsada, su yi ta jifa ƙwallo yana wuce zobe yana dukan allo, mu kuwa muna zubawa kamar ana cika buhu. Kowace shekara abin sai ƙara sauƙi yake yi. Na cika kaye biyu da bayanin dalilan gwanintata.

Da aka buɗe gasar manyan makarantu a filin siminti na cikin gari, sai na ga ai zalunci ne mu ɓoye wa garin Tawa irin wannan baiwa. Na bi gidaje goma sha biyu neman izini. Na Barmu na bari ƙarshe, don in babu Zali gara mu zauna. Na hau motar kasuwa na je na tarar da mahaifinta yana yaɓen rumbu. Na gaishe shi, na buɗe kaye, na fara karanta masa makin jarrabawarta da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Ya saurara har na kai ƙarshen shafi, sannan ya goge hannu.

"Malama, ni wanga lissahi ban gane mishi ba. Abu guda nika tambaya. Ɗiyata ita ka kada mutane, ko ita aka kadawa?"

Na ce, "Baba, shekara biyar ba a kada mu ba."

"To mi kika jira? Ki kai ta ko Yamai ta!"

Da wannan alkawari a bakina muka shiga filin siminti ranar Asabar ɗin da na faɗa muku.

Binciken abin da ya same mu ya ci mini wata biyar. Ranar Litinin muka koma filinmu, Zali ta jefa goma, tara suka shiga. Asabar ta gaba muka koma gari, ƙwal. Na ce ƙwallonsu ne ya fi namu nauyi. Na aro shi na kai wa mai sayar da nama ya ɗora a sikeli, daidai suke. Na ce takalma ne, siminti yana riƙe ƙafa. Muka yi mako muna atisaye a barandar azuzuwa har malamai suka kai ƙara. Na ce tsoron jama'a ne, na tara ɗalibai maza a bakin filinmu na ce su yi ta ihu. Suka yi da zuciya ɗaya, har da ganga, ƴan matan suka yi ta zubawa suna musu gwalo. Na hana cin tuwo kafin wasa, na dawo na wajabta shi. Gwaggon wata ƴar wasa ta aiko da rubutu a jarka, Rahila ta ce ita ma a zuba mata, ta kuma kawo mana addu'ar babarta a madadin, kowa ya ce amin. Asabar ta zo, ƙwal.

Kada ku ce ban yi tunanin tsayin kwando ba. Na yi. Wata safiya na ɗauki awo na je filin gari, na roƙi mai shara ya riƙe mini, na hau kujera na auna. Mita uku da santi biyar, ba ragi. Na buɗe shafin farko na tsohon kayena, mita uku da santi biyar, da layi biyu a ƙasa, ni da kaina na riƙe bakin awon. Sai na rubuta, "Kwanduna daidai suke," na ja wa wannan ma layi.

A garin kuwa suna ya bi mu. Ƴan kabu-kabu in sun ga ƴan matana a bakin kasuwa sai su rage gudu su ce, "Ƴan ƙwal, ina zuwa?" Zali ta daina zuwa gida hutun ƙarshen mako don kada a tambaye ta. Ana cikin haka Daraktan makaranta ya aiko kirana. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa, amma in ya yanke magana ya yanke. Ya nuna mini ta taga yadda baburan malamai da na ɗalibai suka cika gindin kowace bishiya, wasu a rana kujerunsu suna narkewa. Ya ce makaranta tana bukatar rumfar babura, kuma babu wuri shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi kamar filina.

"Wasa nawa ya rage muku, Madam?"

Na ce, "Ɗaya. Farkon watan shida."

"To. Ki kawo mini nasara ɗaya tak, in san abin nan yana da rai. In babu, in an dawo hutu sai ki tarar da kwano a kansa. Kin yarda?"

Na gyaɗa kai, don shi na iya.

Rahila ce ta tono zancen, ita ma ba da niyya ba. Wata yamma cikin zafin bazara muna hutawa a gindin ƙarfen gabas, sun baje a ƙasa suna shan ruwa, ta ce, "Madam, wai da gaske ne kin taɓa zama ɗaliba? Ni na ɗauka da usur anka haife ki." Suka yi dariya. Na ce na taɓa, kuma ga wurin zamana nan, a kan dakali.

"Wane dakali?"

Na juya zan nuna mata. Bututu ne kawai ya fito daga jar ƙasa, sumul, kamar tsiro. Na duba na yamma, shi ma haka. Tun da na zama mai horarwa na koma benci a gefen fili, shekara shida ban dubi gindin ƙarfen nan ba, ni da aka koya wa kallon ƙafa. Na tsuguna na fara tono da murfin bik. Zali ta ture ni a hankali ta sa dutse. Ba ta yi nisa ba muka ji ƙarar siminti. Ga dakalina a binne.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na ɗauko awo, Zali ta goya Rahila a wuya, na danne baki a ƙasa kamar wancan karon. Rahila ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Madam, ko dai ni ban iya karatu ba, ko dai biyu da tamanin da uku ne." Santi ashirin da biyu. Taƙi guda cur. Ƴan matan suka dubi juna, sai Zali ta zauna a ƙasa ta fara dariya, sauran suka kama, har da masu birgima. Rahila tana kan cewa, "Ashe mu gwanayen gajeren kwando ne! Ashe baƙin nan da munka yi ta kadawa bayin Allah ba su da laihi!"

Hayaniyar ce ta taso Baba Agali, maigadinmu, wani dattijo mutumin arewa da ba a taɓa ganinsa ba rawani ba. Kullum ina wuce shi a ƙofa in gaishe shi da kai, ban taɓa tsayawa ba. Ya zo da ɗan kofin shayinsa ya leƙa ramin. Na tattara ƙarfin hali na tambaye shi ko ya san abin da ya binne dakalin.

"Ni na binne shi, ɗiyata," ya ce, da jin daɗi. "Mushe Idi da za shi tahi ya ce mini, Agali, kar ka bar rami ga hilin ga, ɗiyan mutane su karye. To duk hutu in kun tahi, damina ta zaizaye shi, sai in sa masu amalanke su zubo burji, in daɓe da kaina. Shekara shidda ban hwasa ba ko sau guda. Ba ki ga yadda ya yi kyau ba?"

Na ce ya yi kyau ƙwarai, Baba. Gaskiya ce kuma.

Gyara mai sauƙi shi ne a kira mai walda ya yanke bututun ya ƙara masa tsawo. Na rubuta wa Darakta takarda, ya dawo da ita da layi ɗaya, cewa ba za a taɓa ƙarfen da wataƙila za a tuge nan da wata biyu ba. Na karanta wa ƴan matan. Sai Zali, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Madam, ƙarhe Darakta ya ce kar a taɓa. Bai ce ƙasa ba. In kwando ba shi hawa, mu sai mu sauka."

Haƙar filin nan ita ce atisaye mafi kyau da na taɓa bayarwa. Ku tuna ƴan ina ne. Fiye da rabinsu ƴan ƙauyukan Adar ne, sun tashi suna bin iyayensu fako ana haƙa tassa da rabin-wata don a tare ruwan sama a shuka hatsi inda dutse ya hana. Burjin Baba Agali bai ba su tsoro ba. Washegari aka tara diga da shebur da kwanuka daga gidajen ma'aikata. Ni na kafa turaku na ja zare daga gindin dakali zuwa gindin dakali, na raba filin gida-gida, kowane gida da sunan mai shi a kaye. Muna farawa bayan sallar asuba mu tsaya kafin shiga aji, mu dawo bayan la'asar. Rana ta uku Rahila ta ƙirƙiro waƙa da "ƙwal" a amshi, kowace diga ta sauka a kan amshin. Kafin mako ya cika ƴan matan ɗakin kwana duka sun shigo, har da waɗanda ba su san ƙwallo zagaye yake ba. Mai girki ta riƙa aiko da kunu. Baba Agali, da ya gane aikinsa na shekara shida ake kwashewa, ya yi fushi na kwana ɗaya, sannan ya ɗaure rawani ya karɓi buruweti, wato baron kwasar ƙasa, yana cewa su bi a hankali, shi ya san inda ya fi tauri.

Rahila dai ba ta taɓa riƙe diga ba. Zali ta tsaya tana kallonta ta ce, "Ke ɗiyar birni, ƙasa kika haƙa ko susa kika yi mata?"

"Ina lallashinta ne, raƙuma. Ba kowa ne ke shiga gida da faɗa ba."

Ƙasar da aka tono, ban ce a kai ta ko'ina ba, don ban yi tunaninta ba. Su kuma ba su tambaya ba. Hannunsu ya yi abin da ya saba. Suka jera ta a bakin filin, suka zagaye shi da ita, suka daddaɓe ta da bayan shebur ta zama kunya mai kyau, ba ko kafa, irin wadda ake yi wa rabin-wata. Tudun nan da kuke zama a kai kuna cin gyaɗa kuna gulmata, shi ne. A lokacin na dube shi na ce, kai, har da wurin zaman ƴan kallo.

Kwana goma sha shida muka yi. Da muka daɓe muka ja toka, na auna gabas, na auna yamma, na sake aunawa. Uku da biyar. Zali ta jefa na farko, ƙarfe ya ce ƙwal, a gidanmu, sai filin ya kaure da guɗa kamar an yi haihuwa. Ban taɓa ganin mutane suna murnar kuskure haka ba. Saura mako uku. Kowace yarinya jifa ɗari biyu a yini, ina tsaye ina kallon gwiwoyi, don taƙin nan da ya ƙaru ba daga hannu zai fito ba, daga gwiwa ne. Mako na farko ƙwal ya fi yawa. Na biyu suka yi kunnen doki. Na uku raga ta fara magana.

Wasan ƙarshe da ƴan matan da suka fara lallasa mu ne. Ƴan kallo sun cika, sun shirya bakinsu. Mahaifin Zali ma ya zo daga Barmu, ba wanda ya gayyace shi, yana tsaye da sandarsa a bayan benci. Ƙarfe huɗu da minti tara Zali ta ɗaga hannu. Jama'a suka ce "ƙwal!" Ƙwallon ya shige bai ko gaisa da ƙarfe ba. Aka yi tsit. Rahila ta juya ga ƴan kallo ta kama kunne ta ce, "Ban ji ba! Ku sake!" Daga nan wasa ya zama wasa. Su zuba, mu zuba. Ƴan kabu-kabun da ke mana dariya suka koma bayanmu, suna buga tankin babur. Saura ƙasa da minti ɗaya suna gabanmu da biyu, Zali ta samu ƙwallo a bayan layin nesa, ta dasa diddige yadda nake so, ta lanƙwasa gwiwa, ta saki. Uku. Muka wuce su da ɗaya.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba. Na hau kan benci, na jefar da kaye, na kurma ihu. Ban san me na ce ba. Rahila ta ce sunan Zali na kira, Zali ta ce ba kalma ba ce. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ƴan matana biyar da ke cikin fili, da ba su taɓa jin muryata ta wuce taku uku ba, suka tsaya cak suka juyo suna kallona baki buɗe. Abokan karawa suka fito da ƙwallo, wata siririya ta bi ta tsakaninsu kamar mai zuwa aike, ta ajiye shi a kwando. Alƙali ya busa. An kada mu da ɗaya.

Ƴan matan suka zo suka ɗaga ni sama duk da haka, suna dariya suna hawaye, suna kwaikwayon ihun. Mahaifin Zali ya ce shi dai ya ga ɗiyarsa ta kada mutane, sauran lissafin namu ne. Amma Darakta nasara ya ce, kuma ni ba na iya canza abin da ke rubuce.

Ranar Lahadi da rana hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwan farko, irin mai ƙarfin nan da ke sa kwari ya cika kafin a kwashe shanya. Ina gida ina jera kayena a kwali, ban kawo komai a raina ba. Litinin da safe na sa usur a jaka na nufi ofis in ji hukunci. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina komawa. A na uku sakatare ya ce ai Darakta ba ya ciki, yana wajen filin kwando tun ɗazu, shi da magini.

Tun daga nesa na ji kwaɗi. Na hau tudun na tsaya. Kunyar ƴan Adar ta yi aikinta, ba ta bar ɗigo ɗaya ya fita ba, har ruwan da ya gangaro daga rufin azuzuwa ta bayan ƙarfen yamma ya tsallako ya samu wurin zama. Filina ya zama tafki mai kusurwa huɗu, kwanduna biyu suna tsaye a ciki suna kallon inuwarsu, agwagin mai girki uku suna yawo a daidai layin tsakiya. Ƴan matana suna jere a ɗaya gefen, sun toshe baki da mayafi, kafaɗunsu suna rawa. Magini ya naɗe wando ya shiga da sanda, yana girgiza kai. Baba Agali yana gefe yana cewa ai shi ya san abin da ya sa yake zuba burji.

Na matsa kusa da Darakta na gaishe shi. Na ce, da ɗan abin da ya rage mini na murya, "Mushe, ba mu kawo nasarar ba. Na zo in ji yaushe za a fara rumfar."

Ya daɗe yana kallon agwagin. Sannan ya cire tabarau ya goge ido, na ga ashe shi ma dariyar yake dannewa.

"Wace rumfa, Madam? Babura zan ajiye, ba jiragen ruwa ba. Ki riƙe tafkinki. Amma don Allah, kafin ki koya musu wani abu, ki sa su huda masa hanya."